Kuɗin Namu Ne, Fuskar Tasu Ce: Maganar Tallan Gwamnati a Kano

Akwai wani ƙanina da yake sana'ar buga bana da fosta a nan cikin gari, ƙaramin shago ne, inji ɗaya da kwamfuta biyu sai janareta da kusan ba ya hutawa. Rannan na biya wajensa da yamma zan karɓi katin ɗaurin aure, sai na tarar da shi a gaban kwamfuta, wani mutum da babbar riga yana tsaye a kansa yana nuna masa abu da ɗan yatsa. Aikin wata ma'aikatar gwamnati ne, sanarwar rigakafin yara. Yaron ya riga ya gama tsarawa tsaf, ranar da za a fara da wuraren da za a kai yara da shekarun da ake nema duk ya sa su da manyan baƙaƙe yadda ko a cikin adaidaita kake wucewa zaka iya karantawa. Mutumin ya duba ya sake dubawa yace hoton oga yayi ƙarami a ƙara masa girma, aka ƙara. Yace a sa na mai gidansu na ma'aikata a gefe, aka sa. Yace kalar bayan nan a mayar da ita kalarmu, aka mayar. Wallahi kafin su gama fuska ta cinye fiye da rabin banar, ranar rigakafin kuma ta gangara can ƙasa, ƙanana ƙanana kamar lambar katin waya.

Da mutumin ya fita nace masa kai kuwa me yasa baka gaya masa an kashe sanarwar ba? Yace Yaya ai mai kuɗi shi ke da magana. Tun daga ranar maganar nan take min yawo a kai, domin gaskiya ya faɗa, sai dai mai kuɗin ba wancan mai babbar rigar bane, ba kuma ogansa bane. Ni ne da kai, da shi kansa ƙanin nawa.

Mutane da yawa a garin nan suna ganin kamar su ba sa biyan haraji tunda ba albashi suke ɗauka ba, to suna biya kullum ba tare da sun sani ba. Katin wayar da ka saka da datar da kake karanta wannan rubutun da ita akwai harajin kayayyaki a ciki, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, kuma kaso mafi tsoka na wannan harajin jihohi da ƙananan hukumomi ake rabawa. Naira 50 ɗin nan da ake cirewa idan kuɗi ya kai dubu goma a tiransifa, ita ma gwamnati take shiga. Mai shago a Kwari da Singa da Sabon Gari ya san masu zuwa da rasit, ɗan adaidaita ya san nasa, ma'aikaci kuma tun kafin alat ya shigo an zare. Kason da ake turowa daga Abuja duk wata shi ma ba kyautar kowa bace, haƙƙin jama'ar jiha ne. Saboda haka duk allon da ka gani a Ɗangi ko Ƙofar Nassarawa ko hanyar Zariya da tambarin gwamnati a jiki, da duk sanarwar da aka biya aka sa a rediyo da sunan ma'aikata, daga aljihun mutanen da suka zaɓi mai mulki da waɗanda basu zaɓe shi ba da waɗanda ko katin zaɓe basu da shi aka biya.

Kar wani ya fahimce ni a baibai, ba cewa nake gwamnati ta daina talla ba. Dole ne ma ta yi. Idan amai da gudawa ta ɓulla dole a faɗa, idan za a rufe hanya saboda aikin gada dole direbobi su sani, idan an buɗe neman tallafin karatu ko ɗaukar malamai dole ɗan talaka da ke Rimin Kebe ko Ɗorayi ya ji a rediyo kamar yadda ɗan mai hanya zai ji a falon gidansu. Gwamnatin da ba ta magana da mutanenta ita ma cuta ce. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen raba sanarwa da kamfen, kuma iyakar ba ta da wahalar ganewa kamar yadda masu cin moriyar abun suke so mu ɗauka. Ni ga yadda nake gwadawa: ka ɗauki tallan a zuciyarka ka cire hoton mutum, ka cire kalar jam'iyya, ka cire kirari da taken tafiya, sai ka duba me ya rage. Idan abun da ya rage zai amfane ka, ya gaya maka ina zaka je, yaushe, da wace takarda, to sanarwa ce. Idan ka cire waɗannan sai allon ya zama fanko babu komai sai "muna godiya" da "aiki sai mai shi", to kamfen ne aka yi da kuɗinka. Ka gwada da alluna goma daga Kabuga zuwa Hotoro ka ƙirga da kanka.

Kuma abun nan ba ciwon jam'iyya ɗaya bane, shi yasa nake jin takaici idan aka mayar da shi faɗan ɓangare. Duk wanda ya girma a Kano ya gani da idonsa. Lokacin mulkin Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, an rubuta Kwankwasiyya da manyan baƙaƙe a kan rufin gine-ginen da aka yi da kuɗin jiha, har da rukunin gidaje mai wannan sunan, gwamnatin Ganduje da ta biyo baya ta zo ta sauya wa rukunin gidajen suna, amma ita ma ba ta bar ɗabi'ar ba, hoto da kirari ne suka sauya kawai, haka kuma abun ya ci gaba bayan 2023. Wanda yake ihu yau a kan allon wani, jiya shi ne yake kare na gwaninsa, wanda yake karewa yau gobe in ta juya zai dawo yana ihu. A tsakiya kuma fenti ake saye a goge a sake shafawa, ana sauke allo ana ɗora wani, duk daga asusu ɗaya, ga azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai misali ɗaya da nake yawan tunawa saboda yana nuna saƙon gwamnati zai iya shiga jama'a ba tare da fuskar kowa ba. A Daidaita Sahu shiri ne na gyaran tarbiyya na zamanin Malam Shekarau, kowa da ra'ayinsa a kan shirin da gwamnatin, ba nan nake ba. Abun lura shi ne sunan saƙo ne ba sunan mutum ba, shi yasa gwamnati ta tafi wasu suka zo suka tafi amma kalmar ta zauna a bakin mutane har ta zama sunan abun hawa, yaron da aka haifa bayan 2011 yana faɗinta bai ma san daga ina ta fito ba, kuma babu gwamnan da ya taɓa jin buƙatar ya goge ta. Abun da aka liƙa wa sunan mutum ko na tafiyarsa kuwa shekara huɗu ko takwas ne ransa.

To doka fa, me ta ce? Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, a sashe na 95 ta faɗa ƙarara cewa ba za a yi amfani da kayan gwamnati, har da kafafen yaɗa labarai, don fifita wata jam'iyya ko ɗan takara ko don danne wani ba, kuma tace a raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu a irin sa'o'i ɗaya. Wato a takarda Rediyon Kano da ARTV na ɗan adawa ne kamar yadda suke na mai mulki, haka NTA da Rediyon Tarayya. Sashe na 94 ya ce kamfen a bainar jama'a yana farawa ne kwana 150 kafin zaɓe ya tsaya awa 24 kafin ranar. Sashe na 88 kuma ya sa iyaka a kan abun da ɗan takara zai kashe, a wancan lokacin naira biliyan 5 ga mai neman shugaban ƙasa, biliyan 1 ga mai neman gwamna. Yanzu ku haɗa ukun nan ku ga ramin da ke ciki. Ɗan adawa sai ya jira an buga gangar siyasa, kuma duk abun da ya kashe ana iya lissafa masa a cikin iyakarsa, shi kuwa mai kujera tun ranar da aka rantsar da shi fuskarsa take kan kowane shataletale, kwana ɗari a ofis talla, shekara ɗaya talla, barka da Sallah talla, buhun shinkafar tallafi da hotonsa, jakar makarantar yara da hotonsa, kuma ko kwabo ba ya shiga lissafin kamfen ɗinsa saboda sunan abun "wayar da kai". Shekara uku da rabi yana gudu shi kaɗai a fili kafin a ce wa sauran su taho, da man da su ma suka sa kuɗinsu aka saya. Dokar ta fi mayar da hankali kan lokacin zaɓe, ɓarnar kuwa a tsakanin zaɓe da zaɓe ake yinta. Hukumar NBC tana sa ido kan abun da ake watsawa, ARCON da ta gaji APCON a 2022 tana tantance tallace-tallace, amma tambayar ko ya dace a biya wannan tallan daga baitulmali tun farko ba ita ce gaban kowace daga cikinsu ba.

Ɓangaren da ya fi damuna ma ba allon bane, rediyo ne. Kano garin rediyo ne, duk wanda ya zauna a majalisa bayan Isha ya sani, tun da Freedom ta buɗe a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa kuma sun yi wa garin nan aiki babba, talaka ya samu inda zai kai kukansa. Amma gidan rediyo ba da iska yake tafiya ba, dizal yake sha, ga albashi ga kuɗin lasisi, kuma kamfanonin da za su ba da talla mai nauyi a Kano basu da yawa tunda masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da dama sun daɗe da yin shiru. To wa ya rage da babban aljihu? Gwamnati da 'yan siyasa. Idan babban kwastomanka shi ne wanda aikinka ya ce ka bincika, ba sai an kira ka a waya an yi maka barazana ba, kai da kanka zaka fara auna labari kafin ka saka, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma makamin kaifi biyu gare shi, a ba tashar da ke yabo talla, a hana wadda ke tambaya, ko a ba ta aikin a riƙe kuɗin wata da watanni ta yi ta bin bashi tana lallaɓawa. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, sai ga shi kuɗin jama'ar ne ake iya amfani da shi a sassauta musu murya. Ban ce duk ɗan jarida ya sayu ba, na san waɗanda suka tsaya kuma sun ji a jikinsu, tsarin ne yake hukunta mai tsayawa.

Sai kuma sojojin baka da 'yan soshiyal midiya. Idan jam'iyya ko wani attajiri ya saya wa mutum fili daga aljihunsa ya je ya yabi gwaninsa, wannan siyasa ce, ruwansu. Tambayar da ya kamata kowa ya riƙa yi idan yaji ana zuba kirari ko ana yaga wani a fili shi ne, wa ya biya? Idan daga asusun ma'aikata ne, ko mai maganar muƙami aka ba shi yana ɗaukar albashin gwamnati aikinsa kawai ya zagi abokin hamayya a Facebook da TikTok, to mutumin da ake zagi da magoya bayansa suna cikin masu biyan kuɗin zagin nasu. Wannan ko a hankalce bai yi ba balle a shari'ance, dukiyar jama'a amana ce a hannun shugaba ba gado ba.

Mun ma taɓa ganin inda abun yake kaiwa idan ya girma. Bayan zaɓen 2015, cikin badaƙalar kuɗin makamai ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, EFCC ta gurfanar da marigayi Raymond Dokpesi mai AIT bisa zargin karɓar naira biliyan 2.1 daga wannan ofishin, wanda aka ce na aikin yaɗa kamfen ɗin PDP ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2021, dole a faɗi wannan saboda adalci. Amma shari'ar ta sa mutane da yawa sun fara tambayar da ba a saba yi ba, shin tallan siyasar da muke kallo daga wane asusu yake fitowa, a lokacin da sojoji ke fama a Arewa maso Gabas.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba, sai dai wasu sun nema masa magani. A Burazil tun a kundin tsarin mulkinsu na 1988 aka rubuta cewa tallan hukuma ya zama na ilimantarwa da sanarwa, babu suna ko alama ko hoton da zai zama tallata wani jami'i, Meziko ma ta sa irin wannan a nata kundin a 2007. A Indiya kotun ƙoli ce ta shigo a 2015 ta taƙaita hotunan da za a sa a tallan gwamnati, duk da a 2016 ta sassauta ta bar manyan ministocin jihohi da ministoci, kuma har an taɓa umartar jam'iyyar da ke mulkin Delhi a lokacin ta mayar da kuɗin wasu tallace-tallace da aka ce na siyasa ne. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na lardin Ontariyo a Kanada, a 2004 suka yi doka cewa kafin a saki tallan gwamnati sai babban mai binciken kuɗi ya duba ya tabbatar ba na ɓangaranci bane, abun ya yi aiki, sai a 2015 gwamnatin jam'iyyar da ta kawo dokar da kanta ta rage mata ƙarfi. Kun ga ko can mai kujera ba ya son a ɗaure masa hannu, don haka duk wanda yake jiran wani gwamna ya wayi gari ya hana kansa da kansa zai daɗe yana jira.

Na san abun da wasu za su ce, kuma ba zancen banza bane: mutum ya yi aiki a hana shi faɗa? A garin da 'yan adawa ke cewa ba a yi komai ba ko da gada na tsaye a gabansu? Amsata ita ce ya faɗa mana, amma ya faɗa da bayanin da zai amfane mu. Allon aiki ya ɗauki sunan aikin, nawa aka ware, wane kamfani aka ba, yaushe aka fara yaushe za a gama, lambar da za a kira in an ga ha'inci. Wannan shi ne faɗin aiki, kuma ya fi kare mai gaskiya fiye da hoto, domin adadi ba ya buƙatar kirari. In kuma yabon ake so da waƙa da jar hula ko tsintsiya ko lema, jam'iyya tana da asusu, masoya suna da aljihu, su biya, babu mai hana su. Abun da muke gani yanzu akasin haka ne, hoto kamu goma, kuɗin kwangila kuwa ko da fitila ba zaka gani ba.

Hanyar tambaya ma akwai ta, mu ne bamu cika bi ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani a ba shi amsa cikin kwana 7, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Kasafin kuɗin jiha ana wallafa shi, a ciki akwai layukan talla da yaɗa labarai a ƙarƙashin ma'aikatu daban daban, ba ma'aikatar yaɗa labarai kaɗai ba, wanda ya iya lissafi zai iya zama ya tattara su. Ƙungiyoyin fararen hula da ɗaliban BUK masu karantar aikin jarida da lissafin kuɗi za su iya wannan aikin, a fitar da nawa aka kashe, wace kafa aka ba, a kan wane saƙo. Sannan 'yan majalisar jiha 40 da muke da su, su ne ke amincewa da kasafin, su ne kuma za su iya yin doka mai shafi biyu da zata ce babu hoto ko kalar jam'iyya a kan duk abun da aka yi da kuɗin jiha, kuma tallan da ba na gaggawa ba ya tsaya wata uku kafin zaɓe. Wanda yazo neman ƙuri'arka a unguwa, wannan tambaya ce da zaka iya yi masa a gaban mutane.

Dalilin da yasa na ɗauki abun da zafi haka shi ne lafiya. Garin nan ya san me rashin yarda da saƙon hukuma yake jawowa, a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano sai tsakiyar 2004 aka dawo, kuma sai 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar, shekaru na wahala da malamai da sarakuna da ma'aikatan lafiya suka yi suna bin gida gida suna dawo da yardar mutane. A 2023 mashaƙo ya zo, Kano ce tafi kowace jiha jin jiki. A gari irin wannan da siyasa ta raba har 'yan gida ɗaya, idan ka naɗe saƙon rigakafi da kalar ɓangare, akwai uban da yana hango kalar zai kau da kai ya ce nasu ne, bai ma tsaya ya karanta ba, ɗansa kuma ƙwayar cuta ba zata tambaye shi jam'iyya ba.

Banar nan da aka buga a shagon ƙanina na ganta bayan kwana uku an ɗaura ta a wata mahaɗa kusa da unguwarmu. Muna tsaye a danja cikin adaidaita, wata baiwar Allah da goyo a baya da wani ɗan a cinya ta leƙa tana kallonta, ta ce wa direban Malam don Allah wai yaushe za a fara allurar nan? Ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido ya ce wallahi Hajiya ban hango ba, rubutun yayi ƙanana. Ni da na san ranar tun daga shago na gaya mata, ta maimaita sau biyu don kar ta manta, aka ba mu hannu muka wuce.